Ƙulli Arba'in da Mujitaba Ya Bar Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, wajensa za mu koma, wani da safe wani da yamma.

Ranar Talata, sha bakwai ga watan ƙaramar Sallah, Allah ya karɓi ran Mujitaba, ɗan ƙanena marigayi Rufa'i, mai haɗa wutar sola a nan Dangora. Barakatu mai rubuta mini ta ce a boko sha biyar ga Afrilu ke nan, shekarar 2025, na ce ta rubuta duka biyun. Yana kan babur zai tafi aiki Tudun Wada, da hantsi, mota ta kwashe shi. Kafin la'asar mun raba shi da gida. Shekararsa talatin da takwas.

Ina so a rubuta wannan da manyan baƙi, domin duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta rage murya ta ce, "Gwaggo, wutar ce ta ja shi?" Mota ce. Na faɗa har bakina ya gaji. Shekara goma sha biyar yaron nan yana wasa da wuta, ko gashin hannunsa ba ta taɓa lasa ba.

Ni Kyauta, gwaggonsa, ni ke magana. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. Malama Barakatu maƙwabciyarmu, mai koyarwa a firamare, ita ke riƙe da biro, ta ce za ta sa a waya mutane su karanta. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Mujitaba, yau kwananka tara. Na yi kuka, na yi addu'a, na yafe maka duniya da lahira. Amma akwai magana a cikina, kuma sai na faɗe ta. Ka tafi ka bar ni ɗaki ɗaya da wannan akwatin wuta mai gurnani, alhali duk garin nan babu wanda ya kai ka sanin yadda nake tsoronsa.

Ni na goya ka bayan rasuwar uwarka. Tun kana shekara bakwai ka kwance rediyon mai gidana gunduwa-gunduwa, ka jera a tabarma, ka ce kana neman mutumin da ke ciki. Na tare maka duka ranar. Da na san inda abin zai kai ni, wallahi da na matsa gefe.

Ka san abin da ya same ni shekara goma sha shida da suka wuce. Wani mai karambani ya jawo mini waya siririya kamar zaren saƙa daga janaretan maƙwabta, ya ce ƙwan fitila ɗaya ai ba komai. Jikokin gida suka ƙara nasu a kai. Da rana tsaka ina tsince wake a tsakar gida na ji ƙauri, kafin in miƙe rufin ya kama. Da zanen jikina na tsira. Tun daga ranar ko tocila na kunna sai na riƙe ta nesa da jikina. Aka sake ɗakin, aka yi mini rufin kwano, na ce duk wanda ya shigo mini da waya ban yafe ba.

To sai Allah ya jarrabe mu da ciwon Bushra, 'yarka, tana shekara shida. Ciwon siga, irin na yara. Likita ya ce allura kullum, kuma maganin allurar ba ya son zafi, sai a firji. Mu nan wutar gwamnati sai ta ga dama. Sai ga ka da safe, da ƙullin goro fari, kana wani sosa ƙeya.

"Gwaggo, sashenmu mangwaro ya rufe shi da inuwa. Rufinki ne kaɗai rana ke duka tun safe har yamma."

Na ce, "Ɗauki goronka."

Ka ce, "To shi ke nan. Bari in je in faɗa wa Bushra Gwaggo ta ce a'a."

Kai, Mujitaba, Allah ya jiƙanka, amma ka iya ɗaure mutum. Kafin azahar farantan sola biyu na kan rufina, batura biyu a kusurwa, akwatin da kake kira inbata a kan kanta, ƙaramin firji a inda nake ajiye kwallata. Kwana uku na yi a ɗakin Ramla matarka kafin in yarda in koma nawa.

Kuma ba ka bar ni da tsorona na zauna lafiya ba, sai da ka ce sai na koyi lissafi. Ni! Da furfurata! Ka zauna a bakin ƙofa da gawayi kana zane a ƙasa. Ka ce wuta kamar ruwan da ake ba lambu ne. Akwai turi, ƙarfin da ke tunkuɗo ta, shi ne bol. Akwai gudu, yawan wadda ke wucewa a waya, shi ne amfiya. In an ninka turi da gudu, sai a sami ci, wato abin da kaya ke lanƙwamewa, shi ne wat. In kuma aka raba turi da gudu, sai a sami turjiya, yadda kayan ke tare wutar kada ta wuce da yawa.

Na ce, "Ni ina ruwana da turjiyarta? Ta turje can."

Ka yi dariya har da riƙe ciki. Amma duk sanda ka shigo duba kayan nan sai ka riƙa rerawa kamar mai tallar fura: "Turi sau gudu, ci. Turi a raba da gudu, turjiya. Turi a raba da turjiya, gudu." Shekara uku ina jin wannan. Ya shiga kaina ba da izinina ba. Har a salla ya taɓa faɗo mini, sai da na yi ƙabli da ba'adi. Barakatu, daina dariya, rubuta.

Da ka ga gawayi ba zai yi da ni ba, sai ka ɗauko igiyar rama. Ka ce akwatin nan turinsa ɗari biyu da talatin ne, gudun da zai iya ɗauka kuma amfiya biyu, ba ƙari. Ɗari biyu da talatin sau biyu, ɗari huɗu da sittin. Ka ce kowane ƙulli ɗaya wat goma ne, ya kamata a yi ƙulli arba'in da shida, amma za ka yi arba'in, shidan na firji ne in zai tashi, don yana yunƙuri kamar tsohuwa. Na san da ni kake. Ka rataye doguwar igiyar a ƙusa. Sannan kowane kaya ka auna shi da mitarka, ka ɗaura masa tasa igiyar a wuya. Firji ƙulli goma. Fanka bakwai. Ƙwai uku, ɗaya ɗaya. Ashirin ke nan. Kowace wayar hannu ƙulli ɗaya.

"Gwaggo, in an haɗa duka kada su wuce na ƙusa. Akwatin nan na hannu ne, ni na harhaɗa shi. Masu tsada in an yi musu lodi kashe kansu suke. Wannan ƙonewa zai yi. Abin da ba shi da igiyata kuma, ko Sarkin Makka ne ya kawo, kada a jona."

Na ɗauka ni kaɗai ka raina wa hankali da igiya. Sai ranar gaisuwa ga wani dattijon Bafulatani, Hamma, tun daga rugarsu a bayan Doguwa, da ƙwaryar nono. Ya ciro igiyar rama daga aljihu, ƙulli goma sha biyu, yana hawaye. Ya ce shekara biyu ke nan ko ƙwai bai taɓa mutu musu ba. Ya ce da damina, hanya ta yanke, ka bar babur a gindin dutse ka taka da ƙafa don kawai ka duba musu batir. Liman ma ya ce lasifikar masallacin unguwa kai ka hana ta shaƙewa, kuma ka hana a faɗa. Mata masu markaɗe, masu cajin waya a tasha, kowa da labarinsa. Ina jin su ina cewa a raina, to duk ya yi muku, ni kuma ya bar ni da jidali.

Domin ka san zaman makoki. Mata daga Kiru, daga Bebeji, daga Tudun Wada, kowace da waya a hannu, kowace kuma wayarta ta mutu a hanya. Zafi kuwa kamar a tanda. Aka ji ɗakin Gwaggo akwai wuta. Ni da ya kamata in zauna a tabarma a yi mini gaisuwa, sai ga ni a bakin ƙofa da igiya a cinya ina ƙirga. Goma sha takwas, sha tara, ashirin, tsaya, sai wata ta cire. Wata ta ce mini, "Gwaggo, ke da aka yi wa mutuwa kike tsaron soket?" Na ce eh, mai soket ɗin ne ya mutu.

Ranar uku aka yi wadda ta sa na kira Barakatu da biro.

Hajiya Lubabatu, surukarka, uwar Ramla, ta zo daga Bebeji tun ranar farko. Mutuniyar kirki ce, ba na ɓata ta, ita ta riƙe tukunyar baƙi. Da hantsi ranar, itace ya yi ƙaranci, murhu duk a cike da tukwanen sadaka, ga baƙi maza a waje ana son a kai musu shayi. Na ɗan zaga bayi. Ina fitowa na hango ta a cikin ɗakina, ta ajiye bokitin ruwa, ta ciro hita daga jaka, irin mai murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake tsomawa a ruwa. Ta cire wayoyi biyu, filogin na hannunta.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Buta ma a hanya na yar.

"Hajiya! Don girman Allah dakata!"

"Lafiya, Yaya Kyauta? Ruwa zan ɗan dafa, minti goma."

"Ba shi da igiya."

Ta dube ni, ta dubi matan da suka taru. "Igiya kuma? Akuya ce?"

Aka yi dariya, a gidan makoki. Na ji kunya har cikin ƙashina. Ta ce ɗan wannan abin, bai kai ludayi ba, a gidanta kullum da shi take dafa ruwa. Ta ce firji sukutum yana kai bai ƙone ba, sai wannan? Ta ce, "Tsoron nan naki ya yi yawa, Yaya. Yaron nan ya lalace wajen biye miki."

Mujitaba, kai ma ka san Hajiya. Ita ta je Makka, tana karanta lamba, gidanta da mita. Ni ko sunana ban iya ganewa a takarda. Kuma a idona ma abin ƙarami ne. Na kusa cewa to jona. Sai firjin ya yi wannan yunƙurin nasa ya tashi, na tuna kwalaben Bushra huɗu na ciki, na wata guda, ga zafin da ko ruwan randa ɗumi yake. In akwatin ya ƙone, wa zan kira? Kai kana ƙarƙashin ƙasa kwana uku.

Sai na tuna ranar bikin ƙanwar Ramla, da wata ta kawo dutsen guga. Ba ka jona shi ba. Ka ɗauko ƙaramar mitar nan rawaya da ka rataye mini a bayan ƙofa, ka murɗa ta zuwa wata alama mai kama da awarwaro buɗaɗɗe, ka ɗiga jan farcen Ramla a wurin don in gane. Ka taɓa haƙoran filogin da tsinkayen nan biyu, ja da baƙi. Ka ce kayan da aikinsu zafi ne, guga, hita, tukunyar lantarki, ana iya sanin cinsu tun ba a jona ba. Na ce maka ranar, "Ko da wuƙa a wuyana ba zan taɓa wannan abin ba."

To na taɓa. Shekara uku yana rataye, ko ƙura ban taɓa kaɗe masa ba. Na sauko da shi ina karanto duk abin da na haddace. Na aika a kira Barakatu daga wajen tukwane. Na murɗa zuwa jan farce. Na ce wa Hajiya ta ajiye hitar a tabarma. Na rufe ido ɗaya, na taɓa haƙoran. Na jira mutuwa. Ba ta zo ba.

"Barakatu, me ya rubuta?"

"Hamsin, Gwaggo."

Hajiya ta tafa hannu. "To kin ji! Hamsin. Ba kin ce ƙulli ɗaya goma ba ne? Ƙulli biyar ke nan. A cire waya biyar in dafa ruwana."

Matan suka ce gaskiya ne. Barakatu ma, da karatunta, ta ce, "Kamar haka ne, Gwaggo." Kada ki tsallake wannan, Barakatu, rubuta yadda kika faɗa.

Ni kuwa wani abu na sosa mini rai. Na ji muryarka ranar gugar nan kana cewa, "Gwaggo, wannan lambar ba ci ba ce, turjiya ce. In ta yi ƙanƙanta, ƙofa ce a wangale, garken duka zai shige lokaci ɗaya. Ƙaramar lamba a nan ita ce abar tsoro." Sai waƙar nan taka ta zo bakina da kanta, a gaban jama'a, kamar mai aljanu.

Na ce, "Turi a raba da turjiya, gudu. Barakatu, raba ɗari biyu da talatin gida hamsin."

Ta latsa wayarta. "Huɗu da ɗigo shida. Huɗu da rabi da ɗan ƙari."

Na ce, "Akwatin nan biyu yake ɗauka. Biyu! To turi sau gudu, ci. Ninka da ɗari biyu da talatin."

Ta latsa, ta sake latsawa. "Dubu ɗaya da hamsin da takwas."

"Ƙulli nawa ke nan?"

"Ɗari da biyar, da 'yan kai."

Na ciro igiyar ƙusa na miƙa wa Hajiya. Na ce, "Ƙirga. Arba'in ne. Ko an kashe firji, an kashe fanka, an kori wayoyin nan duka, ɗan ludayin naki ya ci igiyar nan sau biyu da rabi."

Akwatin na ta gurnaninsa. Hajiya ta dubi firjin. Ta san abin da ke ciki, jikarta ce ita ma. Ta zauna a bakin gado, ta naɗe wayar hitar a hankali, ta tura can ƙasan jaka. Ta ce, "Innalillahi. Da na kashe wa yarinyar nan magani da hannuna." Sai ta fashe da kuka, ni ma na fashe, muka rungume juna. Shayin kuwa a kan kara aka dafa shi, maza suka ce yana warin hayaƙi. Su sha haka nan.

Na koma tabarmata na zauna. Kowa na cewa Gwaggo ashe injiniya ce. Injiniyar ina? Har yanzu in akwatin ya yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Jiya na shiga wajen Ramla, tana zaune cikin takaba, na ba ta labarin tun daga farko. Ta yi murmushin farko tun ranar rasuwarka. Sai ta ce, "Gwaggo, in faɗa miki wani abu ba za ki yi fushi ba?" Na ce faɗi. Ta ce inuwar mangwaron nan reshe biyu ne kawai, ta ce maka ka sare su a sa faranti a sashenku. Ka ce a'a. Ka ce in a ɗakinku ne, ranar da ba ka nan wani zai zo da fara'a ya roƙa, a ji nauyinsa a bari ya jona. Ka ce, "Duk gidan nan Gwaggo ce kaɗai ke tsoron wuta yadda ya kamata a ji tsoronta. Maganin Bushra a hannunta zan bar shi."

Na fita na tsaya a gindin mangwaron na ɗaga kai. Reshe biyu ne, wallahi. Shekara uku ina wucewa ta ƙarƙashinsu.

Mujitaba, ashe da goro fari ka zo ka yaudare ni. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya cire mini tsoron nan, kai kuma kana can kana lissafi da shi kamar waya mai kauri. Yanzu ga shi ka ɗaure ni. Ni da na gama shirina, likkafanina na cikin akwatin kayana tun bara, yanzu ko mutuwar ba ni da sukunin yi sai na ga Ramla ta haddace waƙar nan. Mun fara yau da safe. Tana cewa "turi sau turjiya", ina cewa a'a, sake. Ka ga abin da ka mai da ni.

Abokan aikinsa da za ku karanta wannan, a Kiru ne ko Bebeji ko Tudun Wada, ina roƙon ɗayanku ya zo ya duba baturan nan, don ya ce ana duba ruwansu kuma wannan bai koya mini ba. Amma wanda zai zo ya zo da shirinsa. Sai ya faɗa mini turi nawa, gudu nawa, ci nawa, kafin ya taɓa ko ƙusa.

Allah ya jiƙanka, Mujitaba. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi fiye da yadda ka haskaka ɗakunan mutane da rugage da masallatai. Allah ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka, ya haɗa ka da Rufa'i da uwarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Ramla, Allah ya ba ta haƙuri da juriya. Ga Bushra, Allah ya ba ta lafiya, ya raya ta, ya yi mata albarka. Ga Hajiya Lubabatu da mutanen Bebeji, da su Hamma na Doguwa, da dukan mutanen Dangora. Mu kuma Allah ya kyautata namu zuwan, amma nawa a ɗan jinkirta.

Masu niyyar zuwa gaisuwa har yanzu, ƙofa a buɗe take, Allah ya ba da lada. Ku cika wayoyinku tun daga gida.

Barakatu, ajiye biron ki buɗe firjin nan ki taɓa mini kwalaben. Da sanyi? To alhamdulillahi. Rubuta masa: da sanyi.